Ranar Da Akwatin Iya Fanta Ya Je Zaɓe

"…Lafiya lau, Iya. Ya ruwa? Ruwa ya yi gyara. Ya gajiya? Babu gajiya. To, na tambaya, na kuma amsa miki, mun gama. Ina makullin akwatinki?"

Iya Fanta ba ta ɗago kai daga faifan da ke cinyarta ba. Gyaɗar iri take ɓarewa. "Koma zaure ka sake sallama. Wannan da ya shigo yanzu ba mijina ba ne, guguwa ce."

Malam Naziru bai koma ba, bai kuma zauna ba. Ya tsaya a tsakar gidan kakarsa, takalmansa sun yi kaca-kaca da laka, babur ɗinsa yana ƙofar gida ko kashe shi bai yi ba. Ranar ashirin da tara ce ga watan Mayu, ranar da kundin tsarin mulkin ƙasa ya fara aiki a shekarar 1999. Wata uku ya yi yana lallashin shugaban ƙaramar sakandaren garinsu, Gidan Ɗinya, da ke tsakanin Ɗanbatta da Makoda, kan a tuna da wannan rana. An shirya za a karanta wa yara wasu sassa na kundin da Hausa, sannan su zaɓi shugaban ɗalibai da kansu, kowa ya jefa ƙuri'arsa a asirce cikin akwati mai kwaɗo, kamar yadda su yaran suka rubuta a dokokin ƙungiyarsu. Komai ya kammala sai akwatin. Da asuba aka yi ruwan shuka na farko, sai kafintan da aka ba aikin ya rufe rumfarsa, ya saɓa sungumi ya nufi gona, ya bar katako shida jingine ba a buga musu ƙusa ko ɗaya ba. Shugaban makaranta, Malam Muhammadu Sani, ya ce iyaye suna jiran yaransu a gona, saboda haka idan goma ta buga babu akwati, sai a yi 'yar tinƙe: kowane yaro ya bi layi a bayan wanda yake so, a ƙirga, a tashi. Yanzu kuwa tara ce da kwata.

"Iya, don Allah. Aro na zo, zuwa azahar kawai."

"Aron me?"

"Akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonki."

"Ku ji mijin zamani. Mazan mutane shigowa suke da akwati, nawa ya zo fita da shi."

"Wace amarya ake kai wa akwati bayan haƙoranta sun riga ta tafiya?"

"Haƙorana uku, kuma kowanne ya fi ka aiki. Me za ka yi da shi? Ko korarka aka yi daga makarantar, za ka haɗa tsummokaranka?"

"Zaɓe za mu yi."

"Zaɓe." Ta busa ɓawon gyaɗa daga faifan. "Ni dai ban ji mota mai lasifika ba, ban kuma ga an kawo mini sabulu ba. Wane irin zaɓe ne haka a bushe?"

"Na 'yan makaranta ne. Za su zaɓi shugabansu."

"Yaran da ba su gama iya fyace majina ba. A duk faɗin garin nan babu mai akwati sai ni?"

"Gida bakwai na shiga. Biyar a kulle, kowa yana gona. Biyun da na samu mutane, akwatinsu na zamani ne mai zif, dokar yaran kuwa ta ce mai kwaɗo."

"Ɗauki bokiti."

"Ba shi da murfi."

"Ɗauki tulu."

"A fasa shi kafin a ƙirga? Ke ce za ki fara kai ni ƙara wurin mai unguwa."

"Kai dai komai aka ba ka sai ka samo masa aibu. Shi ya sa har yau ba ka da mata sai ni."

Naziru ya dubi agogonsa, ya taka zuwa bakin ɗakinta, ya dawo. Ya san makullin yana ɗaure a haɓar zaninta, yana ma ganin tudunsa daga inda yake tsaye. Ya kuma san cewa a duniya babu mai iya kwance wannan ƙulli sai mai shi.

"Tsohuwa, zan shiga in ɗauko shi, ki biyo ni da makullin."

"Shiga mana. Amma ba kai ne shekaranjiya ka zauna a kan turmin can, kana hana kajina sakat da karatun littafin nan naka, ka ce an rubuta ba a ƙwace wa mutum kayansa da ƙarfi ba?"

Ya tsaya cak. "Sashe na arba'in da huɗu ke nan. Ashe kina ji? Na ɗauka gyangyaɗi kike yi."

"Idona ne ke gyangyaɗi, kunnena gadi yake. Ka kuma ce ba a kutsa wa mutum ɗaki."

"Wannan na talatin da bakwai ne. Mako guda ina koya wa yara ba su riƙe ba, ke da ba a saka a aji ba kin haddace don ki cuce ni."

"Da ni ka ba aikin, da tuni an gama taron an tafi shuka."

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ɗauka, ya ɗan russuna kamar mai kiran yana gabansa. "Ranka ya daɗe. E, na samu. Ana kwance shi ne. Minti goma." Ya mayar da ita aljihu.

"Ana kwance shi," in ji Iya Fanta. "Malamin tarbiyya ke nan. Ka dai san abin da ke cikin akwatin?"

"Na sani. Likkafaninki, da turare, da ruwan zamzam, da irin wake a cikin toka."

"To idan ta Allah ta kasance kafin azahar fa? A ce a jira, likkafanin ya tafi zaɓe?"

"Iya, shekara goma sha biyar kina yi mana wannan alkawari ba ki cika ba. Yau ɗin ce za ki ce kina sauri?"

"Aurenka nake jira in gani, shi ya tsayar da ni. Da alama sai na shekara ɗari biyu."

"Ki ba ni akwatin, gobe in fara nema."

"Wa za ta yarda? Mutum kamar sandar kora kaji, kai ya fara sanƙo tun ba a je ko'ina ba, ga alli har cikin gira."

"A haka kika gan ni kika liƙe."

"Tausayi ne." Ta ajiye faifan, ta karkaɗe zaninta, ta dube shi a karo na farko. "Tsaya ma tukuna. Ka ce a kulle za a ajiye shi. To ta ina takardun za su shiga? Idan ka kusanci murfin nan da ƙarfe da sunan tsagawa, ni da kai sai a gaban alƙali. Da shi aka kawo ni gidan nan."

"Ba sai an tsaga ba. Akwai wata kafa a gefen hagu, ta baya, inda murfin ya lanƙwashe. Takarda ninki biyu za ta shige sumul, hannu kuwa ba zai shiga ba, sai dai na ƙaramin yaro."

Maganar tana fita ya so ya mayar da ita, amma ta riga ta isa inda za ta. Iya Fanta ta gyara zama, ta harɗe ƙafafu, fuskarta ta yi haske kamar wadda aka yi wa albishir.

"Gefen hagu, ta baya," ta ce a hankali. "Gefen da yake kallon bango shekara ashirin da biyu. Kai yaya aka yi ka san shi haka, har da awon hannu?"

Asalin maganar kuwa tsohuwa ce. Naziru yana da shekara tara kakansa, marigayi Malam Sama'ilu, ya dawo daga aikin Hajji, ya kawo wa Iya Fanta dabinon Madina a ƙulle cikin ƙyalle. Ta kulle shi a wannan akwati, ta ce sai azumi. Da azumin ya zo ta buɗe, ta tarar an lanƙwasa gefen murfin, ƙullin yana nan yadda yake, amma babu komai a cikinsa sai ƙwallaye. Aka tara yaran gida, Naziru ya riga kowa magana, ya ce ɓera ne, shi ma ya taɓa ganinsa. A kan wannan magana yake har yau, ya yi sakandare a kanta, ya yi kwalejin horon malamai a kanta, bai taɓa sauya ko harafi ɗaya ba.

"Ɓera ne, Iya. Kowa ya san wannan."

"Ɓeran da ya lanƙwasa ƙarfe."

"Ɓerayen da ƙarfafa ne. Lokacin gyaɗa tana da auki, suna ƙoshi."

"Ya cinye dabinon, ya tsotse ƙwallayen tas, ya mayar da su cikin ƙyallen."

"Ɓera ne mai tsafta."

"Ya ɗaure bakin ƙyallen da ƙulli biyu."

"Ya samu tarbiyya. A gidanki ya tashi."

"Ya kwana uku yana gudawa, har aka kai shi wurin mai magani."

"Wannan kuma ruwan rijiya ne ya ɓata mini ciki, babu abin da ya haɗa shi da shari'ar nan. Kuma tunda kin iya kundi, ki tuna ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Yana ma da ikon ya yi shiru."

"Yi shirunka, maigida. Ni ma akwatina zai yi shiru a ƙarƙashin gado." Ta jawo faifan ta ci gaba da ɓara. "Sharaɗina ɗaya ne. Faɗi sunan ɓeran, ka ɗauki akwati."

 Ba dabinon ne ya dami Naziru ba. Bakin Iya Fanta ya sani. Rabin kakannin ɗalibansa ƙawayenta ne, tare suke zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa. Duk abin da ya faɗa mata da hantsi, kafin la'asar ya kai bakin rijiya, kafin jibi ya shiga aji. Mutumin da yake tsayawa gaban allo yana bayani a kan amana, a wayi gari yara suna ce masa Malam Ɓera a bayan idonsa, ba ƙaramin abu ba ne.

"Ki sa wani sharaɗin. Zan yi miki saran shuka a gayaunarki yau da yamma, gaba ɗayanta."

"Wannan dole ne ko babu akwati."

"Zan kai ki Gezawa wurin ƙanwarki a babur, in jira ki, in dawo da ke."

"A wannan babur ɗin mai tari? Gara in tafi a ƙasa."

"Zan sake ki, in auri yarinya."

"Da na yi sadakar ƙosai."

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon bai russuna ba, sauraro kawai ya yi, fuskarsa tana sauyawa. Ta cikin wayar har Iya Fanta tana jiyo hayaniyar yara da muryar wani malami yana cewa a daidaita. "Ranka ya daɗe, don Allah kar a fara. Goma saura ashirin ce. Kai ka ce goma." Ya kashe, ya tsaya riƙe da wayar, bai mayar da ita aljihu ba.

"An fito da su gindin darbejiya," ya ce. Babu wasa a muryarsa yanzu. "Shugaban makaranta ya ce a fara ja musu layi biyu a ƙasa, idan ban zo ba a yi 'yar tinƙe."

Hannun Iya Fanta ya tsaya a kan gyaɗar. "A yi me?"

"'Yar tinƙe. Kowa ya tsaya bayan nasa."

"Su wa ke takarar?"

"Fahad, ɗan Alhaji Dallatu. Da Tahira, 'yar Khalilu mai facin keke."

"Yarinyar nan mai baki, da ta tara 'yan'uwanta mata suka je suka sa aka gyara ƙofar bayin makaranta?"

"Ita. Shi ma Fahad ɗin yaro ne mai hankali, ban ce ba zai iya ba. Wanda duk suka zaɓa, ni nawa ne. Amma Iya, ki ƙirga gidajen da ke noma a gonar aro ta Alhaji Dallatu. A ajina kaɗai yara goma sha ɗaya ne. Ban ce Alhaji zai yi wa kowa komai ba, wataƙila bai ma san ana yi ba. Amma yaran sun sani, an gaya musu a gida. Jiya wata ta tsayar da ni a bakin aji, ta ce, Malam, da gaske babu wanda zai ga abin da na rubuta? Na ce mata da gaske. Na ce mata haka manya suke yi, haka dokar ƙasa ta tsara. Idan aka ja layi yau, na zama maƙaryaci, kuma abin da za su koya ke nan game da zaɓe har su tsufa."

 Wata kaza ta zo ta saci gyaɗa ɗaya a faifan, Iya Fanta ba ta kore ta ba.

"An taɓa yi da mu," ta ce. "Ba a haife ka ba. A filin firamare, rana tsaka, maza layinsu, mata layinsu. Lokacin muna noma wata gona ta aro a bakin fadama. Mai gonar ya hau kan motarsa ya tsaya, yana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na je na tsaya a layin ɗan takarar da mai gonar ba ya so, don wannan ɗan takarar shi ya ɗauke ni a motarsa zuwa asibiti ranar da na kusa tafiya wurin haihuwar gwaggonka. Na ce ba zan iya tsayawa ina kallonsa daga wancan gefe ba." Ta tsince wani ɓawo ta jefar. "Duk ranin nan kakanka yana kai taki gonar a kan jaki, mangala bayan mangala, har bayan jakin ya yi gyambo. Sai da ya gama zubawa, ruwa ya sauka kamar na yau, sannan aka aiko cewa mai gona yana son abarsa. Wani ya shuka a kan takinmu. Kakanka bai ce mini komai ba, har ya koma ga Allah. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi."

Naziru ya taɓa jin an ce sun rasa wata gona, amma bai taɓa jin dalilin ba. Ya durƙusa a gabanta, ya miƙa hannu a hankali.

"To ki ba ni makullin, Iya."

"Sunan ɓeran."

"Haba, Iya. Bayan duk wannan?"

"Saboda duk wannan. Za ka je ka tsaya gaban 'ya'yan mutane ka ce kowa ya faɗi gaskiyar zuciyarsa kada ya ji tsoro, kai kuma ka kasa faɗin taka a gaban tsohuwa ɗaya da kaza? Goma saura nawa?"

Ya dubi agogo. Saura kwata. Daga nan zuwa makaranta minti biyar ne idan hanya a bushe take, yau kuwa ba a bushe take ba. Ya dubi ƙofar gida, ya dubi kazar, ya share goshi da hannun riga.

"Sunansa Naziru."

"Ban ji ba. Ka san kunnen tsufa."

"Ɗazu kika ce gadi yake yi."

"Ya tashi daga aiki. Ɗaga murya."

"Ni ne, Iya. Ni na lanƙwasa murfin da wuƙar yankan kuɓewa. Kwana huɗu ina zuwa, kullum in kin tafi rijiya. Ƙwallayen kuma na mayar ne don in kin girgiza ki ji motsi."

Iya Fanta ta kwashe da dariya har faifan ya zame, gyaɗa ta watse, kaji suka yo kanta. Ta yi dariya har da tari, tana dukan cinya, haƙoran nan uku duk a waje. Sannan ta miƙe da saurin da bai san tana da shi ba, ta shige ɗaki. "Zo ka ja, ɓera. Ni ba zan iya sunkuyawa ba."

Ya jawo akwatin zuwa bakin ƙofa. Kore ne a da, yanzu tsatsa ta cinye rabin fentin. Ta kwance makullin daga haɓar zani, ta buɗe, ƙamshin turare da toka ya bugi hancinsa. Ta fara fito da gwangwanin irin wake, da 'yar kwalbar zamzam, sannan ta zura hannu can lungu ta ɗauko wani ɗan abu a naɗe cikin takarda, ta buɗe a tafin hannunta. Tsinin wuƙa ne, ɗan guntu, ya yi baƙi.

"A cikin akwatin na tsince shi ranar. Wuƙar kuma na same ta a ƙarƙashin tabarmarka, babu tsini."

"Kin sani tun lokacin?"

"Tun kafin ka gama gudawar."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa kakanka ya zane ka, magana ta ƙare a kwana ɗaya? Ai gara in ajiye abina ina ɗan lasa. Shekara ashirin da biyu ina jin daɗinka." Ta nuna bayan gida da haɓa. "Dabinon can da kake jingina babur ɗinka a jikinsa, daga ƙwallayenka na shuka shi. Ya fito namiji. Tsawo kawai, bai taɓa 'ya'ya ba. Duk wanda ya gan shi ya san na wane ne."

A ƙasan akwatin farin yadi yake, a ninke, an naɗe shi da wani tsohon zani. Sau da yawa Naziru ya yi wasa da zancensa, amma bai taɓa ganinsa ba sai yau. Ta sa hannu biyu ta ɗauko, ta miƙa masa. "Riƙe. Ba a ajiye shi a ƙasa." Ya karɓa. Bai yi zaton zai yi rashin nauyi haka ba. Ya tsaya da shi a hannu, ya nemi abin tsokana ya rasa.

"Kai, kar ka jiƙa mini shi da hawaye, ba yau ba ce. Ɗora shi a kan jeren kwanukan can, ka rufe da zanin. Ka yi sauri, kana tsaye kamar an dasa ka."

Ya ɗora, ya dawo ya kife akwatin ya bubbuga, toka da 'yan ƙwayoyin wake suka zubo. Ya yage takarda daga littafin aljihunsa, ya ninka biyu, ya rufe murfin, ya tura ta kafar. Ta shige, ya ji saukarta a ciki. Ya miƙa hannu. "Makullin."

Iya Fanta tana ɗaure shi a haɓar zaninta, ƙulli biyu. Ta jawo mayafi daga kan ƙofa.

"Wane makulli? In ba ɓera makullin akwati, bayan yanzu ya amsa laifinsa da bakinsa? Tare za mu. Ni zan buɗe shi a gaban yaran su ga babu komai a ciki, ni zan kulle, ni zan zauna a kusa da shi. Duk wanda ya leƙa takardar wani, ko Hedimasta ne, sai ya ji sandata. In an gama ni zan buɗe."

"Shukarki fa? Danshin ba zai jira ba."

"Zai kai la'asar. Ai na samu ɗan ƙwadago, ya yi alkawari da bakinsa."

Ya ɗauki akwatin ya fita da shi, ya ɗora a kan tankin babur, ya ɗaure da igiyar guga. Ta ja ƙofar gida, ta hau baya a karkace, tana ƙorafin cewa kujerar ta fi dutsen niƙa tauri. Ya riƙe kan babur ɗin, sai kuma ya waiwayo.

"Iya, maganar ɗazu tsakaninmu ce. A asirce na faɗa miki, kamar ƙuri'a."

"Haka ne. Ƙuri'a a asirce ake jefa ta. Amma kai ka karanta a kan turmi cewa sakamako a bainar jama'a ake faɗarsa."

"Wannan ba ya cikin abin da na karanta."

"To ni na ƙara. Ba ka ce ana yi wa kundin gyara ba?"

 Goma saura bakwai. Ya saka giya, sai ya ji ta taɓa kafaɗarsa. Ta zura hannu cikin 'yar jakar da ke wuyanta, ta fito da dabino guda ɗaya, busasshe, ta miƙo ta gefen kunnensa.

"Ungo. Wannan ba ka aka yi. Ci ka ji bambanci."

Ya karɓa da baki, don hannayensa suna riƙe da babur da akwati. Ya tauna a hankali kamar mai nazari, ya tofar da ƙwallon a laka.

"Gaskiya, Iya, na wancan karon ya fi daɗi."

Dariyarta ta sa babur ɗin ya yi tangaɗi. Ta kai masa duka a baya, ta riƙe rigarsa gam. "Ja mu tafi, ɓera, kafin su tsayar da 'ya'yan mutane a layi."